Cututtukan da muka zaci an binne su: yadda za ku tsare gidanku

Na fi shekara 20 ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa a Kano, amma ban taɓa ganin mashaƙo da idona ba sai a 2023. A makarantar koyon aikin lafiya mun karanta shi, mun haddace alamominsa saboda jarrabawa, daga nan muka ajiye shi tare da labaran mutanen da. Sai wata safiya wata baiwar Allah ta shigo da ɗanta saɓe a kafaɗa, yaro ɗan shekara 6, wuyansa ya kumbura har haɓarsa ta nutse a ciki. Ta ce hangum ne, yau kwana 4 ana ta maganin gida. Ni kuwa numfashinsa ne ya fara tayar mini da hankali, yana ja da ƙyar, yana ƙara kamar ana zuƙar iska ta cikin kara. Na kunna fitilar wayata na ce, "Yi haƙuri ɗana, buɗe baki ka ce aaa." Can ƙarshen maƙogwaro ga wata fata ruwan toka, mai kauri, ta manne a kan beli da gefensa kamar an liƙa jiƙaƙƙen tsumma. Warin da ya fito daga bakin yaron har yau yana hancina.

Na tambayi uwar katin rigakafi. Ta lalubo shi a ƙasan jaka, a naɗe cikin leda, gefensa ya sha manja. Layi biyu kaɗai aka cika, na ranar haihuwa da na sati 6. Sauran gidajen fayau. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Hajiya, ranar da aka yi masa ta biyun nan kwana ya yi yana kuka, jikinsa kamar wuta. Shi ne babansa ya ce kada a sake kai shi."

Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, domin a ranar aka wuce da shi babban asibiti, aka samu allurar da ke karya dafin cutar. Da yawa ba su rayu ba. Ɓarkewar da ta faro a ƙarshen 2022 ta kama dubban mutane a Najeriya, mafi yawansu a Kano, sannan Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, kuma an yi fama da ita a jihar Damagaram ta Nijar. Akasarin waɗanda ta kwantar yara ne da ba a yi wa allura ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba.

Tun daga ranar nake faɗa wa duk wanda zai saurare ni cewa a cikin cututtukan da suka addabi kakanninmu, agana ce kaɗai aka binne da gaske. Kakata fuskarta duk zanzana ce, iyayenmu kuma kowa da tabon lamba a damtse. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin jama'a an same shi ne a Somaliya a 1977, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an gama da ita. Sauran kuwa, mashaƙo, ƙyanda, tarin shiƙa, kwalara, sanƙarau, duk suna nan. An dai danne su ne da allura da tsaftataccen ruwa, kuma da zarar hannun da ya danne ya yi sanyi sai su ɗago kai. Ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun ga haka a shekarun 1990, lokacin da harkar rigakafi ta taɓarɓare, mashaƙo ya kama mutum fiye da 150,000, har da manya masu yawa.

Har ɗa'un yana nan

Almajiran ilimi sun san sunan ɗa'un a littattafan hadisi da tarihi, shi ya sa mutane ke mamaki idan na ce har gobe ana kamuwa da shi. Ita ce annobar da ta share kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Ƙwayar cutar tana zaune ne a jikin ɓeraye da danginsu na daji, ƙuma ce ke ɗauko ta ta kai wa mutum idan ta cije shi. Wani likita mai suna Alexandre Yersin ne ya gano ƙwayar a Hong Kong a 1894. Ta shigo Afirka ta Yamma ta jiragen ruwa: an yi ta a Akara a 1908, an yi ta a Ikko, wato Legas, daga 1924 har wasu shekaru, abin da ya sa Turawan mulkin mallaka suka rushe wasu cunkusassun unguwanni a tsibirin Legas. A zamaninmu ta tayar da hankalin birnin Surat na Indiya a 1994. A Madagaska kuwa a 2017 ta kama mutum wajen 2,400 cikin 'yan watanni, fiye da 200 suka rasu, kuma ta shiga har babban birnin ƙasar. Kwango da Madagaska da Peru su ne aka fi samunta, amma ko a Amurka ba a rasa mutum kamar 7 da ke kamuwa a shekara.

Iri biyu ya kamata a sani. Akwai ta kaluluwa: zazzaɓi mai zafi ya zo farat ɗaya, da sanyi da ciwon kai, sai kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, mai tsananin zafi har mutum ba ya son a taɓa. Akwai ta huhu, wadda ke bin tari daga mutum zuwa mutum, ita ce ta yi ɓarna a Madagaska, kuma idan ba a fara magani cikin awa 24 da bayyanar alamu ba, da wuya mutum ya tashi. Bambancinmu da mutanen da shi ne yau akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke warkar da ita idan an zo da wuri.

Ni ban taɓa ganin mai ɗa'un ba, kuma ina roƙon Allah kada ya nuna mini. Na kawo ta ne don ɗan kasuwa ko ɗalibi ko sojan da aiki zai kai shi waɗancan ƙasashe ya san cewa idan zazzaɓi da kaluluwa ko tari suka same shi cikin sati ɗaya da dawowa, abu na farko da zai gaya wa likita shi ne inda ya fito. Mu da muke gida kuwa, ƙofofin da ɗa'un ke bi su ne dai waɗanda sauran ke bi: ɓera, cunkoso, jinkirin zuwa asibiti. To ga yadda nake koya wa mutanen unguwarmu rufe su.

A fara da kati

Yau ɗin nan, kafin a kwanta, a fito da katin kowane yaro a gidan a duba layi-layi. Maigida, da kai nake, domin na ga mata da yawa suna son kawo yara, izini ne babu. A tsarin Najeriya ana yi wa jariri rigakafin tarin fuka da na ciwon hanta da ɗigon shan inna da zarar an haife shi. Sai allurar cinya da ake kira Penta sau uku, a sati 6, sati 10 da sati 14. Ita ce ke tare mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus (ciwon da ke sandarar da jiki da muƙamuƙi) da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. A wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 a ƙara ta ƙyanda ta biyu. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati.

Kuskure uku nake ta cin karo da su. Na farko, uwa ta ce mini, "Ai an yi masa, masu bi gida-gida sun ɗiga masa har ba adadi." Wannan ɗigon na shan inna ne kawai. Ba ya tare mashaƙo, ba ya tare ƙyanda. Ko sau 20 aka ɗiga wa yaro, idan ba a soke shi a cinya sau uku ba, a wajen mashaƙo tsirara yake.

Na biyu shi ne wanda ya kusa raba waccan baiwar Allah da ɗanta. Zazzaɓi da kuka da ɗan kumburin cinya bayan Penta abu ne da muka sani, alama ce jiki na koyon faɗa da cutar, kuma kwana ɗaya ko biyu yake wucewa. A ba shi nono da yawa, a rage masa kaya, a ba shi farasitamol na yara gwargwadon yadda ma'aikaciya ta auna. Na kan gaya wa iyaye wannan tun kafin in ɗauko allurar, don na lura wanda aka gaya wa tun farko ba ya firgita. Idan zazzaɓin ya wuce kwana biyu, ko yaro ya yi jijjiga, ko ya ƙi kama nono, a dawo da shi mu gani.

Na uku, mutane na jin kunyar dawowa idan lokaci ya wuce, wai za a yi musu faɗa, ko kuma sai an faro daga farko. Ba a farowa daga farko. Inda aka tsaya nan ake ɗorawa. Yaron da ya girma kuma akwai allurar da ta dace da shekarunsa, wadda ke haɗe da ta tetanus, irinta ake yi wa masu juna biyu. A nan ina roƙon malaman tsangaya da na Islamiyya su ba mu haɗin kai, domin inda yara ke kwana ɗaki ɗaya suna sha a moɗa ɗaya, nan mashaƙo ya fi gudu.

Duba maƙogwaro

Duk yaron da ya yi zazzaɓi da ciwon wuya, ya ƙi abinci, ko muryarsa ta dishe, a haska bakinsa da fitilar waya safe da yamma. A wanke hannu, a rufe hanci da baki da takunkumi ko gefen mayafi, a sa shi ya ce "aaa". Kada a cusa yatsa ko cokali. Jan maƙogwaro kawai ba shi ne abin tsoro ba. Abin da ake nema shi ne fata fara-fara ko ruwan toka da ta manne ba ta motsi, da kumburin wuya ta gaba da gefe. Hangum a gindin kunne da kumatu yake kumbura, ba ya shaƙe numfashi. Zazzaɓin mashaƙo kuma sau da yawa ba mai zafi sosai ba ne, shi ya sa yake yaudarar iyaye.

Idan an ga wannan fatar, a ranar za a tafi asibiti, ko da dare ne. Ga dalili. Ƙwayar mashaƙo dafi take zubawa a cikin jini, dafin ya tafi zuciya da jijiyoyi. Allurar karya dafi tana kama wanda ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shige cikin tsokar zuciya ya fi ƙarfinta. Kowace rana da aka ƙara a gida, wani kaso na dafin ya tsere. Mai kyamis ba shi da wannan allura, ƙaramin asibiti irin namu ma tura mutum muke yi inda take.

Kuma don Allah, don Annabi, kada a kai wa wanzami ya cire beli. Ina girmama wanzamai, a hannunsu muka taso, amma fatar mashaƙo ba ta kankaruwa. Idan aka taɓa ta jini take yi, kuma ɓallinta na iya faɗawa ya toshe hanyar numfashi nan take. Ga kuma askar da za a ɗauka a sa a bakin wani yaron.

Bayan an sallamo mara lafiya ba a gama ba. Cikin sati biyu zuwa uku, har fiye, dafin na iya nuna kansa. Idan yaro ya riƙa gajiya da ɗan motsi kaɗan, ko ya yi fari, ko yana amai, ko ya sha ruwa ya fito masa ta hanci, ko yana magana ta hanci, a mayar da shi a guje. A hana shi guje-guje har sai likita ya yarda. Kuma duk da ya yi cutar, sai an yi masa rigakafin, domin yin ta ba ya ba da tabbacin ba za ta dawo ba. 'Yan gidan da abokan kwanansa su ma a kai su, ana ba su maganin sha na wasu kwanaki da allura, ko da lafiyarsu ƙalau, don mutum na iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro yana rabawa bai sani ba.

Maganar dubiya

Wannan ita ce mai wuya a wajenmu. Mutum ya kwanta, ɗaki ya cika da dangi da maƙwabta, kowa da goyo. In ka hana a ce ka raba zumunci. Ni dai abin da nake tunatar da mutane shi ne labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin ɗa'un ya ɓarke, annobar da ake kira ta Amwas, wadda Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu a cikinta. Ya yanke shawarar juyawa. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah zai yi? Ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah yake gudu. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, cewa idan an ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, wanda kuma take ciki kada ya fita don gudunta. Idan na karanto wannan a tsakar gida, yawanci tsofaffi ne ke fara cewa gaskiya ne.

Saboda haka a ware wa mara lafiya ɗaki ko lungu mai iska, da kofinsa da cokalinsa da kwanonsa. Mutum ɗaya ya yi jinya, wanda ba mai ciki ba, ya sa takunkumi, ya wanke hannu da sabulu duk shiga duk fita. Masu dubiya su yi ta waya ko daga zaure. Mai mashaƙo, idan ya yi kwana biyu cur a kan maganin da ya dace, yawanci ya daina yaɗa ta, don haka ba wani dogon haƙuri ba ne. Idan kuma rai ya yi halinsa ta dalilin cuta irin kwalara ko Lassa, a bari ma'aikatan lafiya su jagoranci wankan gawa da safar hannu, za a yi sutura da salla yadda addini ya tanada.

Ɓera

A ƙasarmu abin da ɓera ya fi kawo mana shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. Hatsi da gari da shinkafa a zuba su a abin da ke da murfi mai kamawa, bokitin fenti da aka wanke tas ma ya isa. Kada tuwon dare ya kwana a buɗe. Shanyar gari ko masara a bakin titi a kan kwalta, a daina. A toshe ramuka da siminti, a nisanta juji da ɗakin girki, a ajiye kyanwa. Yara masu farautar gafiya da ɓeran daji idan an yi girbi, a ja musu kunne.

Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu, ko ta wutsiya. A sa shebur, a jefa a leda, a binne da zurfi. Akwai kuma wani abu da masana ɗa'un suka daɗe da sani: idan ɓeraye suka fara mutuwa da yawa a unguwa ba tare da an sa musu guba ba, wannan ba abin murna ba ne, a sanar da hukuma. Ƙuma ba ta zama a jikin mushe. Da ɓera ya yi sanyi take sauka ta nemi wani jinin, kuma na kusa shi ne na mutanen gida. Shi ya sa a inda ake da ɗa'un, ƙuma ake fara kashewa da feshi kafin a taɓa ɓerayen. Wajen feshin ma a kula: kada a yayyafa fiya-fiya a ɗaki a rufe ƙofa yara na ciki, gubar ɓera kuma a ajiye ta inda mai rarrafe ba ya kaiwa.

Ruwa kuwa maganarsa gajeriya ce, kowa ya san ta, yi ne ba a yi. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, akasari a Arewa. Da damina a tafasa ruwan sha, a rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya mai mariƙi, masai ya yi nisa da rijiya. Wanda ya fara zawo kamar ruwan wankin shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida ana shirin tafiya asibiti. Idan babu na leda, a haɗa: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan har a hanya, ko yana amai.

Idan kun ga yara biyu ko uku a layi ɗaya da ciwo iri ɗaya, kada ku tsaya tura saƙon murya a WhatsApp. Ku gaya wa mai unguwa da ma'aikacin asibiti mafi kusa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, mu muka san yadda za mu same shi. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana da lambar kira kyauta, 6232. Ku faɗi unguwa, yawan waɗanda suka kwanta, shekarunsu, da ranar da abin ya fara.

Waccan baiwar Allah ta dawo bayan wata ɗaya, wannan karon tare da maigidanta. Shi ya riƙo yaron da ya warke, ita tana goye da jaririya, ga 'ya'yan abokiyar zamanta 3 a bayansu. Biyu daga cikinsu katinsu ya ɓata tun wata ambaliya, suna ta ba ni haƙuri. Na ce babu komai, na duba damtsensu na ga tabon allurar haihuwa, na tambayi abin da za su iya tunawa, na buɗe musu sabon kati. Duk wanda nasa ya ɓata, haka za a yi masa, ya zo ranar allura da yaran kawai.